Tabo a Farar Riga

Ƙarfe uku a Juchitán.
Rana ta sauko ta zauna bisa kwanon gidaje,
karnuka sun shige ƙarƙashin motoci,
ko ƙadangaren katanga ya daina gyaɗa kai.
Ni da jikata Briseida
muna dawowa daga wurin mai gyaran takalmi,
sai ga ƙararrawar Crisóforo daga kwanar coci,
yana tura farin akwatinsa mai taya uku,
gumi na bin gashin bakinsa.

Likita ta ce sukari ya yi mini yawa.
Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.
Eustolia ta manna takardar a ƙofar firji
don mu riƙa gaisawa kowace safiya.
Wata biyar ke nan ina shan kofi salam
kamar mai biyan bashin da bai ci ba.

Briseida ta dube ni. Na dubi sama.
Ko gajimare ɗaya babu da zai kai tsegumi.
Na ce, “Biyu. Na cakulan, mai barkonon nan.”

Ya ɗaga murfi, farin tururi ya taso,
ya miƙo su a tsinke, baƙaƙe, suna raɓa.
Cizon farko, sanyi ya nemo haƙorin da ya rage mini lafiyayye,
ya ƙwanƙwasa masa har cikin ƙwaƙwalwa.
Sai ɗaci-ɗacin koko ya baje a harshe,
kirfa ta biyo baya a hankali, tana jan zane.
Na ce a raina, ashe ya manta barkonon.
Ban rufe baki ba ya iso,
can ƙasan maƙogwaro,
baƙon da ke zuwa bayan an kwashe kwanuka
ya kuma fi kowa daɗewa.
Ƙanƙara a baki, garwashi a wuya.
Na yi tari, hawaye ya zo, na sake gatsa.

Yarinyar gwana ce.
Tana lasa daga ƙasa, tana juya tsinke,
ba ta ba rana ko ɗigo.
Ni kuwa na tsaya surutu,
ina ba ta labarin dutsen niƙan mahaifiyata,
yadda ake hura wuta a ƙarƙashinsa
har ’ya’yan koko su yi mai su kwanta.
Rana ba ta jiran ƙarshen labari.
Ya zubo ta wuyan hannu, ya gangara gwiwar hannu,
ɗigo ɗaya mai nauyi ya zaɓi ƙirjina,
kan farar rigar da aka goge mini jiya da dare.

Mun sa yawu. Mun sa ruwan famfon dandali.
Tabon da bai fi ƙwayar wake ba
ya buɗe ya kai faɗin tafin hannu.
Briseida ta yi dariya har da riƙe ciki,
leɓenta baƙi ƙirin, shaida ta biyu.

Muka tarar da Eustolia a gadon lilo,
ƙafa ɗaya a ƙasa, mafici na tafiya.
Ta dubi rigar. Ta daɗe tana duba.
Ta yafuto ni da yatsa, ta kama ƙwala, ta sunsuna.
“Na Crisóforo ne,” in ji ta.
“Har yanzu yana cika kirfa?”
Na ce yana cikawa.
Maficin ya tsaya.
“Shekara arba’in da shida, Nicanor,
ka shigo mini gida hannu na dukan cinya?”

Ga ni a titi kuma, ba hula,
kwalta na kama tafin sabon takalmi,
tsinken ɗazu yana aljihuna, ban san dalili ba.
Ina kasa kunne.
Kamar ta wajen kasuwar kifi ƙarar ke fitowa,
ko kuwa ta bayan makaranta ne.