Rigar Sanyi a Kantamanto

Ƙarfe shida na safe, Kantamanto ta riga ta jiƙe da zufa.
An yanke igiyar dila, gwanjo ya zubo ƙasa
kamar kayan cikin sa a mahauta,
ni kuwa rigar sanyi nake nema
a garin da ko jariri ba ya yarda da zane biyu.

Barikisu ta dubi rana, ta dube ni:
"Fuseini, zazzaɓi ne, ko biza ta fito?"
Na ce babu ko ɗaya.
Kwana goma sha biyu ne a ƙafa,
daga Amedzofe mu bi doron duwatsu mu yi arewa,
ni da sandar awon ƙasa da jaka a gadon baya.
Can gajimare yakan sauko da dare
ya raba tabarma da mutum.

Ta jawo ta farko, mai gashin agwagwa a ciki,
taushi kamar bakin dillali.
Na so ta. Wallahi na so ta.
Amma na taɓa ganin irinta bayan ruwan la'asar:
kaza ce da aka tsamo daga rijiya,
kwana uku tana rataye a jikin jaka tana ɗiga,
mai ita yana karkarwa.

Ta biyu kwat ce ta ulu, maɓallanta shida.
Na ɗaga ta, kafaɗata ta tuna bashin da ake bi na.
Kakana, da ya taka daga Salaga da goro a kan jaki
da gwado ɗaya tal na rufa,
yakan ce kaya a ƙofar gida maƙaryata ne,
ran farko auduga, ran biyar dutsen niƙa.
Na mayar.

Ta uku tana can ƙasa, ba mai kula ta,
launin lemon tsami da ya kwana biyu a faranti,
cikinta audugar roba, sirirai-sirirai,
da ɗan faci a gwiwar hannun hagu.
Na ce wannan ai ba ta ci ta ƙoshi ba.
Barikisu ba ta tanka ba.
Ta ciji bakin ledar ruwa, ta tsiyaye a hannun rigar,
ta matse, ta kaɗe sau biyu,
ta ce, "Zura hannunka ka ƙirga hamsin."
Kafin talatin ɗumi ya same ni,
a jiƙe, amma ya same ni.

Muka ari sikelin mai busasshen kifi na layin baya.
Giram ɗari uku da ashirin.
Takalmina ƙafa ɗaya ya fi ta nauyi.

Zif ɗin yana cijewa a daidai ƙirji.
Ta goga masa guntun kyandir, ya wuce,
ya sake cijewa, ya wuce.
A kan wannan na tsaya da ciniki:
ta ce ɗari da ashirin, na ce sittin,
ta kira sunan mahaifiyata, na kira na tata,
muka rabu a tamanin da biyar, kowa yana cewa an cuce shi.

Sai a tasha na laluba aljihun ciki.
Tikitin jirgin ƙasa, da rubutun da ban iya karantawa ba,
da alewar tari guda, ta manne da takardarta.
Wani ya yi sanyi a cikinta kafin ni,
ya kuma isa inda za shi, ko bai isa ba.
Na bar tikitin inda yake. Ba shi da nauyi.

Na cusa rigar cikin aljihun kanta,
ta dunƙule ta koma ƙullin dokunu.
A motar Nima yaron mota ya leƙo cinyata,
ya ce, "Oga, abinci ne? A sam mini."
Na ce guzuri ne, amma ba na ciki ba.
Ya karɓi kuɗinsa ya juya.
Ni kuma har muka wuce Sakul
zif ɗin nake tunani.