Gida Tamanin da Ɗaya

A Hakodate, a bakin teku,
inda nake sayar da ƙaguwa tun asuba,
duk ran Talata Urabe zai ɓullo
da dusar ƙanƙara a kafaɗar kwat ɗinsa,
ya ajiye takarda a kan teburina,
ya juya bai ce kanzil ba.

Shekara talatin yana tuƙa taragon gari,
ƙarfe biyu, hanya ɗaya, babu kaucewa.
Da ya ajiye aiki sai ya sayi rula,
ya koma jan layi da fensir:
gida tamanin da ɗaya, ɗaki tara,
sudoku, amma ba irin na bayan jarida ba.

Nasa babu lamba ko ɗaya a ciki.
Fili fetal, sai keji nan, keji can,
da ma'aunin zafi kwance a karkace
wanda lamba ke hawa daga gindi zuwa kai,
da kibiya mai kai jimlarta cikin da'ira.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Sumie, da hujja ake shiga, ba da canki-canki ba.

Da yamma in wanke ƙarni daga hannuna,
in haɗa koren shayi, in matso kusa da hita.
Keji mai gida uku, jimla shida:
ɗaya, biyu, uku, ba su da wani dangi.
Kowane layi kuɗinsa arba'in da biyar.
Ni da na tsufa a bakin ciniki,
ga farashin da ban taɓa samun ragi ba.

Akwai wanda ya ci mini dare huɗu.
Na yi ta zagaya shi kamar akuya a turke,
na goge, na goge, har takarda ta yi laushi,
sannan na hango wata takwas a kusurwa
wadda ba ta da makwanci sai guda.
Na ja ta, sai komai ya biyo
kamar saƙar da aka kama bakin zarenta.
Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.
Ashe tun farko ya bar ƙofa a buɗe,
ni ce ban waiga ba.

Sai dai can ƙarshe gida huɗu suka cije:
huɗu da bakwai, bakwai da huɗu,
juya su yadda ka so, duk sun zauna.
Amsa biyu. Ga mai zane, wannan
kamar a ce da ni kayana sun kwana ne.
Na raba dare ina shawarar yin shiru.
Tsoho ne, hannunsa ya soma rawa,
wa zai sani in ban faɗa ba?

Talata ta zo. Na zagaye gidajen da jan biro.
Ya ɗaga tabarau, ya duba, ya daɗe,
kunnuwansa suka yi ja.
Na ce, ka sa bakwai guda, magana ta ƙare.
Ya ce, wannan faci ne.
Ya ninke takardar gida huɗu,
ya tafi bai ko taya ƙaguwa ba.

Talata uku shiru.
Na tsani jan biron nan, na jefa shi bayan sikeli.

Ta huɗu sai ga shi, ya ɗan faɗa,
gefen hannunsa baƙi da garin fensir.
Takardar nan ce dai, duk ta yamutse,
ya ƙara wa ma'aunin zafin gida ɗaya tak.
Bayan biyar, huɗu ba ta da ƙafar hawa.
Bakwai ta zauna, sauran ukun suka bi ta
ba tare da an roƙe su ba.

Na duba sau biyu a tsaye, masu saye na jira.
Na ce, ɗaya ce.
Ya sauke numfashi, tururi ya rufe masa tabarau,
ya laluba aljihu, ya zaro wata sabuwa,
wannan karon da tsallen doki a cikin dokarta.
Na naɗe masa ƙafar ƙaguwa mafi tsoka,
ya miƙo kuɗi, ban karɓa ba.