Abin da Fom Bai Tambaya Ba

Ni ce mai riƙe da littafin kuɗi
a ɗakin girkin unguwarmu, can saman tudun Valparaíso,
inda matakala ɗari da sittin ta raba mu da teku.
Shekara tara ina lissafin wake da gas.
Farashin albasa na fi sani, ba shekaruna ba.

Ran Talata wasiƙa ta iso daga Santiago,
farar takarda, lafazi mai laushi kamar auduga:
gidauniya ta gode, gidauniya ta yaba,
sai dai bana akalarta ta karkata wani wajen.
Na ninke ta huɗu, na cusa ƙarƙashin ƙafar tebur,
dama ya daɗe yana ɗingishi.

Asabar kuwa ba ta karanta wasiƙa.
Ta zo da yunwarta kamar kullum,
ta zo da Baltasar, mai sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
riƙe da hannun 'yarsa Ximena,
shekara takwas, haƙoran gaba biyu sun tafi yawo,
rigar girki ta sauko mata har idon sawu.

Aikinta yanka burodi.
Da, biyu muke raba shi. Na ce yau uku.
Ta dube ni, ta dubi wuƙa:
"Mutanen ne suka ƙaru, ko burodin ne ya rame?"
Uban ya yi gyaran murya, ya ci gaba da feraye dankali.
Ban amsa ba. Da wane bakin?

Fom ɗin neman tallafi gurbi arba'in gare shi.
Kwano nawa? Mutum nawa? Kashi nawa cikin ɗari?
Babu gurbin da ya tambayi
wa ya lura Don Fermín ba ya iya tauna,
wa ke cire masa ɓawon burodi a ɓoye,
ta adana masa tsakiyar a aljihu.
"Mu biyu ne masu giɓi," in ji ta,
"dole mu riƙe juna."

Rana ta take, layi ya ƙare,
kujerar bakin taga wayam.
Mu manya muna kankare tukunya, muna kukan kuɗi,
ita kaɗai ta tsaya cak, burodi a hannu:
"Bai zo ba."

Ta ja rigar uban, suka hau matakala saba'in,
suka tarar da tsohon zaune a ƙasa bayan ƙofa,
ƙafa ta kumbura suntum,
kwana biyu murhunsa bai ga wuta ba.
Baltasar, wanda bayansa ya saba da buhu,
ya goyo shi a hankali, taki ɗai-ɗai,
ita a gaba tana korar karnuka,
tana ba manya umarni su kauce.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni dai ranar nan, da idona,
na ga ɗanyen icce ya tanƙwara mu.

Da dare na buɗe sabon fom, na wata gidauniyar.
Gas zai kai mu Alhamis, in mun lallaɓa.
Clotilde mai gidan burodi ta ce mu riƙa kwasar kwantai,
masunta sun yi alkawarin kawunan kifi.
A gurbin "sakamakon aiki" na rubuta ɗari da goma sha biyu,
na daɗe riƙe da biro,
ban sami inda zan sa sauran ba.

Kafin su tafi ɗazu, ta leƙo ta taga:
"Asabar mai zuwa, biyu ko uku?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ta ɗan yi shiru, harshe a cikin giɓi.
"To zan zo da wuƙar gidanmu," ta ce,
"ta fi kaifi.
Ba ta zubar da ɓurɓushi."