Kwana a Ɗakin Malamin Daji

Ɗan acaɓa ya aje ni inda hanya ta ƙare,
can bayan Dogon Daji,
ya ce daga nan sai ƙafa.
Na ratsa sabara da geza, jaka a kafaɗa,
ƙarangiya na yi mini maraba a bakin wando.

Ɗaki ɗaya ne, ginin siminti, rufin kwano,
wai na malaman daji ne tun zamanin En'e.
Yanzu makulli na hannun Bawa Ɗan-Ige,
dubu uku kwana, har da ruwan randa.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya cusa a hula,
ya ce, "Mi kaka biɗa nan, ɗan birni?"
Na ce, "Shiru."
Ya yi dariya har goro ya faɗo daga bakinsa.

Shekara goma sha tara ina gyaran janareta
a bakin Tsohuwar Kasuwa,
har kunnena ya koyi ruri shi kaɗai.
Ko a sujada ina jin fistin na bugawa.

Ya nuna mini gadon ƙarfe, buta, fitilar ƙwai,
ya nuna gabas da haɓa,
ya sa kai cikin kalgo ya tafi.

Na yi magariba, na ci ƙuli da gurasa.
Waya ta ce babu sabis, na kife ta.
Duhu bai sauko daga sama ba,
daga gindin itatuwa ya taso,
ya haɗiye kirya, ya haɗiye marke,
ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa.

Ashe wanda ya ce daji shiru ne bai kwana ciki ba.
Gyare ya ta da injinsa, ba mai, ba filogi.
Kwaɗi a fadama suna musu kan ruwan jiya.
Gara na cin azara a hankali kamar mai biyan bashi.
Mujiya ta yi tambaya ɗaya, ta maimaita,
ban san amsa ba.

Can tsakar dare wani abu ya karci ƙofa.
Na hure fitila.
Duk labaran da ake faɗi a teburin mai shayi,
na dazuzzuka da waɗanda ba su dawo ba,
suka shigo suka zauna mini a ƙirji.
Makamina sufana mai lamba goma sha biyu.
Na riƙe ta, ina jan Ayatul Kursiyyu,
ina tsallake tsakiya don sauri.

Sai tari.
Tarin mutum, ƙasa-ƙasa, daga wajen marke.
Na ƙirga shi har sau bakwai.
Ban san inda barci ya sace ni ba.

Fakara ce ta kira asuba.
Na zare sakata da hannu mai rawa.
A bakin ƙofa ga sawun bushiya,
ƙanana, kamar ɗinkin hannu a kan rairayi.
A gindin marke kuwa ga tabarma,
ga gora, ga toka mai sauran ɗumi,
ga Bawa yana alwala.

Na ce, "Baba, nan ka kwana?"
Ya ce, "Baƙo ba ya kwana shi ɗai.
Da na hwaɗa maka, da ka ce a rage kuɗi."

Muka yi salla, shi gaba, ni baya,
raɓa na jiƙa mana gwiwoyi.
Ya miƙo mini fura a ƙwarya, ba suga.

Sai da na kai bakin hanya ina jiran mashin
na lura da abin da na baro a ɗakin:
rurin nan na kunnena.
Na tsaya ina saurare.
Daga nesa, kurciya ɗaya,
da tarin tsoho a cikin kalgo.