Littafin Maki

Ni ce mai biro a gindin maina.
Kafaɗata ta goce bara, jifa ya ƙare mini,
sai suka ce, Hajjo, ke kin iya lissafi,
riƙe littafi, mu mu riƙe fili.

Kakar wasa ta kama, kakar gero da saura.
Kumo ta fito da mata sha ɗaya,
gora biyu kacal, ɗaya an ɗaure ta da roba,
turaku uku kafinta Buba ya fere mana,
ya ce bai san kurket ba, amma ya san maɗobiya.

Da Deba muka fara.
Akuya ta ratsa fili da 'ya'yanta,
alƙaliya ta ɗaga hannu, muka jira ta gama kiwo.
Kezaya ta yi jifa shida, turke biyu suka kwanta,
na rubuta hannuna yana rawa
har biro ya huda takarda.

A Billiri ruwa ya kore mu a zagaye na tara.
Muka fake a aji, mu da su, benci ɗaya,
muka ci gyaɗarsu, suka sha kununmu,
aka raba maki kamar goron suna.

Dukku ta daka mu kamar fura.
Talatin da huɗu, kowa ta fita.
A mota babu mai tari
sai direba da yake tambaya
ko wannan wasan ma yana da gola.

Dija tana goyo. Tsakanin zagaye da zagaye
takan ruga inuwa ta ba yaro nono,
ta dawo tana ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hula.
Ranar Bajoga ta aika ƙwallo cikin gonar masara.
Shida! Yara suka bazu nema,
har yau masara ba ta mayar ba.
Muka yi karo-karo, ɗari biyu-biyu,
ni na rubuta wannan ma, a shafin baya.

Sai ƙarshe, a Gombe, mu da Kaltungo.
Casa'in da takwas suka ajiye mana.
Rana ta yi sanyi, jifa ɗaya ya rage,
Briskila ta buga, suka ruga ita da Dudu,
suka je, suka dawo,
fili ya kece da guɗa.

Alƙaliya ta zo inuwa ta ce, masu littafi, nawa?
Rifkatu ta Kaltungo ta duba nata ta ce,
kunnen doki, casa'in da takwas, a ƙara zagaye.
Na duba nawa.
Can a zagaye na sha biyu akwai ɗigo da na kewaye:
gorar Briskila ba ta taɓa layi ba ta juyo,
alƙaliya ta dafa kafaɗa ta soke gudun,
Rifkatu tana fifita a lokacin, ba ta gani ba.
Alƙaliya ma ta manta. Na ga haka a idonta.

Bakina ya bushe kamar garin rogo.
Na tuna masara, na tuna roba, na tuna nonon Dija.
Na ce, casa'in da bakwai.

Hanyarmu ɗaya da su zuwa gida.
Motarsu ta wuce mu, kofi yana leƙe ta taga,
suna waƙa, har da ɗaga mana hannu.
Babu wadda ta dube ni.
Yaron Dija kaɗai ya miƙo hannu yana son biro.

Sai da fitilun Kumo suka bayyana
Briskila ta juyo, muryarta a dishe,
ta ce, taƙi nawa ya rage in taɓa?
Na nuna mata da yatsu biyu.
Ta daɗe tana kallon tsakaninsu.
Ta ce, to.
Ta ɓare lemo, ta ba ni rabi.

Da dare na ƙirga shafin da ya rage.
Sha tara.
Sai an yi ƙananan rubutu baɗi.