Sharar Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa Mama Ishbel shara
a Rayfield, bayan tsohon ramin kuza.
Wani dutse ke tare mata ƙofa,
mulmulalle, da mariƙi irin na buta,
nauyinsa ya kai tiya takwas ta masara.
Ranar farko na ɗauka tukunya ce aka liƙe wa baki.
Ta yi dariya har da tari,
ta ce, "Rifkatu, gaishe shi, tare muka tashi a kan ƙanƙara."

A garinsu, in ji ta, tafki kan daskare
har ya ɗauki mutum da karensa.
Ubanta ya durƙusar da ita a kai tana 'yar shekara tara,
ya ce, "Ba jifa ake yi ba. Saki ake yi."
Dutsen ya tafi yana gunji kamar hadari daga Shere,
mutum biyu na gabansa da tsintsiya
suna goge masa hanya, gumi a cikin sanyi,
har ya shiga tsakiyar da'ira.

Na jingina tawa tsintsiyar da bango.
Na ce, "Mama, tsakani da Allah,
kofi ake ba ku don shara?"

Kofi kuwa. Huɗu na gunduma, ga su a kan kabad,
ni ke goge su da toka duk Asabar.
Tana da ashirin da uku ta zama jagorar mata huɗu,
ita ke nuna wuri, ita ke sakin na ƙarshe.
Sau biyu suka kai wasan ƙarshe na ƙasa.
Na farko an lallasa su, ba ta ma son zancen.
Na biyun ne take maimaitawa in barci ya ƙi zuwa:
dutsenta da na wata Elspeth sun kwanta kafaɗa da kafaɗa,
ido ya kasa rabawa, aka kawo ma'auni,
alƙali ya duƙa, ɗaki ya yi tsit.
Kaurin ƙwayar acca.
Abin da Elspeth ta fi ta ke nan, ba ƙari, ba tara.

Daga nan gwiwa ta ce ta gaji.
Ta rataye tsintsiya tana talatin da uku,
ta zo Vom jinyar marasa lafiya,
dutsen na cikin akwati, naɗe da bargo.
Mu da Allah ya tara wa duwatsu har a bakin ɗaki,
ita sai da ta ƙetaro teku da nata.

Wata Laraba, farkon damina,
sama ta zubo ƙanƙara kamar ana zazzage buhu.
Baranda ta yi fari, siminti ya yi santsi.
Ta fito da sandarta, tamanin da ɗaya a duniya,
ta ce in jawo mata shi.
Ba ta iya durƙuso ba, daga kan kujera ta sake shi.
"Share, Rifkatu! Share!"
Na bi gabansa ina shara kamar mahaukaciya,
zanina a jiƙe, kare yana haushi.
Taku biyar ya yi, ya tsaya jikin tukunyar fure.
Ta daɗe tana dubansa.
Ta ce, "Da ke ce a gabana ranar nan,
da Elspeth ce ke kwana tana ƙirga ƙwara."

Bara ta rasu. Ɗan ƙanenta ya zo ya kwashe kofuna,
dutsen kuwa ya ce jirgi ba zai ɗauka ba.
Yanzu yana Angwan Rukuba, yana tare tawa ƙofar.
'Yata ta so ta niƙa tattasai a kansa, na hana.
In na zo wajensa da safe
nakan share gabansa sau biyu,
sannan in ci gaba da shara.