Ɗinkin da Ba Ni Na Yi Ba

Wata tara ina ɗauke da jaka a gefen cibiya,
ɗan bakin hanji ja wur yana leƙen duniya.
Na raɗa masa suna Baltazar, sunan surukina,
don shi ma bai iya shiru a coci ba.

Ni ce Graciete, mai gyaran taru a Matosinhos.
Shekara talatin da ɗaya ina toshe ɓarakar da teku ya yi,
sai ga shi ran Talata ni za a ɗinke.

Sun fara ɗura mini wani ruwa ta ƙasa,
suka haska su ga ko tsohon haɗin yana yoyo.
Na ga hanjina a allo,
igiya ce da aka yar a kan jirgi ba a naɗe ba.
Ba ya yoyo.

Daren jajibiri, ba ci.
Amândio ya gasa kifinsa, ya fita baranda da shi
don kada ƙamshi ya iso ni.
Ya iso.
Na ɗauki ƙaramin almakashi, na yanka da'irar ƙarshe,
na goge fata, na manna, na danna da tafi har ta yi ɗumi.
Na ce, Baltazar, gobe za ka koma ciki.
Na tsane shi tun kaka,
to me ya kawo hawaye?

Da safe na kama hannun likita, na duba yatsunta.
Na ce, 'yata, kada ki ja zare da ƙarfi,
taru mai tsauri shi ke fara tsagewa.
Ta ce ta ji.
Fitilu suka bi ta kaina ɗaya bayan ɗaya.

Da na farka, kowa tambaya ɗaya gare shi:
kin fitar da iska?
Nas ta tambaya, ɗalibai suka tambaya,
har Amândio, da hularsa a hannu.
Ciki ya kumbura kamar tulun da ke riƙe taru a saman ruwa.
Suka ba ni cingam, suka ce tauna.
Suka ce tashi, taka.
Na tura sandar ƙarin ruwa har tagar da ke kallon hanya,
na dawo, na koma, na dawo.
Shiru.

Dare na uku, ƙarfe uku da wani abu,
wata 'yar ƙara, kamar ƙofar da ta ji gishirin teku.
Dona Ermelinda ta gadon kusa, wadda na zaci barci take,
ta yi mini tafi cikin duhu.

A gida na gane ba a gama ba.
Hanjin da ya yi wata tara yana hutu
ya tashi ba ladabi.
Sau goma sha huɗu na ƙirga a kwana guda,
ga zafi kamar an zuba barkono, ga man shafawa a kowane aljihu.
Farar shinkafa, ayaba, gasasshen burodi.
Miyar kabeji sai wani jiƙon.
Na haddace kowane ban-ɗaki tsakanin ƙofata da tashar jirage.
Sau ɗaya ban kai ba.
Na wanke siket ɗin da kaina, na shanya a ciki.

Wurin da ya zauna, sun tsuke shi kamar zariya,
suka bar rami, faɗin kwabo, ya cike daga ƙasa.
Na duba aikin da madubi.
Ba laifi. Da ni ce, da na ɗan karkata kullin.

Sati shida ba ɗaukar abin da ya fi buta,
sai matan tasha suka kawo mini gefen taru har kujera,
suka shimfiɗa a cinyata, yana warin jiya.
Yanzu sau huɗu ne, wata rana biyar.
Ragowar jakunkuna na mayar asibiti, kwali biyu.
Almakashin na riƙe.

Har yau, tsakar dare, hannuna yakan tafi shi kaɗai
ya duba ko ta cika,
ya tarar da fata,
ya ɗan tsaya a wurin.